Jan Ɗigo a Kan Filta

"Hajiya, sau nawa zan gaya miki? Garantinki ya mutu!" in ji Mahdi, manajan kamfanin motocin, yana nuna filtar mai. "Wannan jan ɗigon fenti alamar Lukuman ce, makaniken titin Dilimi. Kin kai sabuwar mota bakin titi, jahili ya kashe miki inji."

Kausar ta haɗiye fushinta. Da motar nan take jigilar 'yan makaranta ta ci abinci, ga shi wata uku tana ajiye.

"To, rubuta min a takarda. Duk wanda ya kai ta wurin Lukuman, shi zai sayi sabon inji."

Ya rubuta yana murmushi, ya sa hannu, har da buga hatimi. Oga Gyang, mai kamfanin, yana tsaye yana kallo.

Sai ta leƙa waje. "Malam Lukuman, bismilla."

Lukuman ya shigo, ko kallon Mahdi bai yi ba. Ya bi motocin da kamfanin ya gama wa sabis, yana ɗaga bonet ɗaya bayan ɗaya. Kowace filta da jan ɗigonta.

"Oga, wannan baiwar Allah sai jiya na fara ganinta," ya ce. "Motarta dai na sani. Manajanka ne yake kawo min motocin kamfaninku a ɓoye duk Asabar, har da tata."

Kausar ta miƙa wa Gyang takardar.

"Jahilin ya gama bayani. Saura mai ilimin ya sayo min inji."