Ban da Kwamfutar Baba

Liatu ta gaji. A takarda ita ce mai kula da kwamfutoci a wani asibiti mai zaman kansa a unguwar GRA ta Bauchi, amma a bakin aiki ita ce komai. Firinta ta maƙale, a kira Liatu. Intanet ya ɗauke, a kira Liatu. Har wayar mai shara in ta ƙi caji, ita ake miƙo wa.

Abin da ya fi mata nauyi shi ne babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan majinyata. A ciki har da na Eunice, ƙawarta ta ƙungiyar mawaƙan coci, mai sayar wa ɗalibai abinci a jami'ar da ke Gubi. Eunice tana karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki, kuma ban da mijinta da Liatu ba wanda ya sani. Liatu ce ta kawo ta asibitin da kanta, ta ce mata, "Zo wurinmu, 'yar'uwa. Sirrinki a hannuna yake."

Saboda irin wannan amana ne mai asibitin, Dakta Mahfuz, ya sayo na'urar gano kutse. Aikinta irin na maigadi ne. Tana duban abin da ke shiga da fita tsakanin kwamfutocin asibitin da intanet, in ta ga baƙon motsi ta turo gargaɗi. Sai dai ba ta san kowa ba sai an saita ta, an nuna mata wa za ta sa wa ido, wa kuma za ta ƙyale.

Ndubuisi, mai shagon kwamfuta a Wunti, shi ya zo saitin. Tun hantsi suke abu ɗaya har la'asar, Liatu ko ruwa ba ta kai baki ba. Da aka kunna na'urar, wayarta ta shiga ƙara, gargaɗi na bin gargaɗi.

Ndubuisi ya leƙa allo ya ce, "Madam, duk daga wuri ɗaya ne. Laftof na oga. Yana magana da waje da yawa. Ki karɓo min shi in duba."

Dakta Mahfuz ba shugaba ba ne kawai a wurin Liatu. Shi ya ɗauke ta aiki lokacin da ta sha yawo da takardu, shi ya yi jinyar mahaifiyarta. Baba take ce masa, kuma ba ta taɓa gaishe shi a tsaye ba.

Ta ce, "Haba Ndubuisi! In je in ce wa Baba me? Kawo kwamfutarka mu bincika? Da wane baki?"

"Ba shi ake bincika ba, Madam. Laftof ne."

"Duk ɗaya ne. Babba ba a sa masa ido. Sa ta cikin amintattu kawai, mu tashi. Kaina kamar ya tsage."

Ndubuisi ma ya gaji, ga shago ya bari a rufe. Ya ɗaga kafaɗa, ya danna. Nan take wayar ta yi tsit. Liatu ta sauke ajiyar zuciya, har ta ce masa yanzu ne na'urar ta fara aiki.

Abin da ba su sani ba, ɓarawon ya riga ya shiga. Baba mutum ne mai buɗe duk abin da aka turo masa, in dai an fara da sallama. Ta nan 'yan kutse suka samu wurin zama a laftof ɗinsa. Ihun da na'urar ta yi ranar farko gaskiya take faɗa, aka rufe mata baki. Daga nan suka riƙa kwasar bayanai a tsanake, ita kuwa tana gani tana ƙyalewa, don haka aka umarce ta.

Ba a sani ba sai da suka turo barazanar tona bayanan in ba a biya su kuɗi ba. Kafin asibitin ya gama shawara, sun saki wasu bayanan don a san da gaske suke. Sunaye, hotuna da sakamakon gwaji suka shiga yawo daga waya zuwa waya a garin Bauchi, har da na Eunice.

Da aka gano ta inda aka shigo, Dakta ya kira Liatu. Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce, "'Yata, da kin faɗa min, ai da hannu biyu zan miƙo miki kwamfutar. Ni na ce a cire ni?"

Liatu ta fito daga ofishinsa.

Ta hau keke napep zuwa Gubi. Ta tarar da rumfar Eunice ba kowa, shinkafa cike da tukunya ta huce. Ɗaliban da ke layi a da sun koma rumfar gaba, wasu na waiwayowa suna raɗa. Eunice na kife kwanuka a cikin buhu. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Gida zan koma, garinmu Bogoro," in ji ta. "Yarana ma an fara nuna su a makaranta."

"Eunice, ki yafe min. Kunyar Baba na ji."

Eunice ta ɗaure bakin buhun, ta dube ta da jajayen idanu.

"Kin ji kunyarsa ta yini ɗaya. Ni tawa fa, yaushe za ta ƙare?"

Jama'a, girmama manya tarbiyya ce, amma ɗan kutse bai san babba ba, kwamfutar shugaba ma ya fi nema. In za ku saita na'urar tsaro, kada ku cire kowa don kunya, kuma kada ku kashe gargaɗi don gajiya sai kun binciki dalilinsa. Sirrin da ke ciki ba naku ba ne, amanar mutane ce.