Layin Gero a Hamdara

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba.

Shekarar fari, wata mata ta zo Hamdara daga Damagaram da ordinatar, wato kwamfuta, za ta ɗauki suna. A wurinmu lokacin, duk inda ake ɗaukar suna, rabon gero ne. Nan take gari ya yi layi.

Wani baƙo mai jaka ya ratsa zai wuce gaba. Kawu Mutari ya shaƙo wuyan rigarsa.

"Kai ɗan gidan uban wa? 'Ya'yanmu ko kunu ba su sha ba!"

"Malam, tsaya ka ji..."

Kawu ya sauke masa gora a hannun dama, na ji ƙashi ya ce ƙas. Jama'a suka rufe shi da duka har jini ya jiƙa rairayi.

Matar ta taso da ihu. "Ba gero ba ne! Ƙyanda ta shigo garin Droum nan kusa, masu yin allurar rigakafi nake wa rajista. Mutum ɗaya da ya iya allura ordinatar ta nuna a yankin nan, na kira shi. Ina Tahiru?"

Baƙon ya ɗaga karyayyen hannunsa.

Ɗiyar Kawu na goye a bayana, ko allura ɗaya ba a taɓa yi mata ba. Na sulale tun kafin wani ya waiwayo.