Manomin da Ya Fizgi Kurkunu

Zauna tukuna, kai da kake son a gama komai kafin rana ta faɗi. Ga wani misali.

A zamanin da kurkunu yake kwantar da ƙauye guda a tsakiyar damina, an yi wata mata da mijinta ya rasu, ta dawo gidan ƙanenta da zama. Ƙanen nan manomi ne, ga ƙarfi kamar ingarma, amma ko tuwo ba ya iya jira ya huce. Ruwa ya sauka, gero ya fito kore shar, ciyawa ta taso masa, ana shirin noman fari, sai ga bororo a idon sawun mutumin nan, yana ƙuna kamar an ɗora masa garwashi. Da ganinsa yayar ta gane, ruwan kududdufin da ya sha bara ne ya nuna kansa. Ta tsoma ƙafar cikin kaskon ruwan sanyi, bororon ya fashe, tsutsar ta leƙo fara sol kamar zaren saƙa. Ta naɗe kan a siririn tsinke, ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Kullum safiya sai ta murza tsinken a hankali, da ta ji tsutsar ta turje sai ta dakata. Wata rana a samu tsawon ɗan yatsa, wata rana ko rabin haka.

To, ita ba tsutsar ce ta ishe ta ba, mai tsutsar ne. Yau ya ce hannunta ya cika sanyi, gobe ya ce ciyawa ba ta san jinya ba. Ta juya baya za ta hura wuta, ta waiwayo ta tarar ya kwance tsumman yana taɓe-taɓe. Ta ɓoye fartanyarsa a bayan rumbu, ya rarrafa ya ɗauko. Ta ce a roƙi maƙwabta su kama masa noman, ya ce shi ba za a yi masa aiki yana zaune kamar mai jego ba. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta haɗa shi da girman iyayensu, har bakinta ya gaji. Ƙarshe ta ce masa, "Kai dai ka ji tsoron Allah ka bar abin nan ya fito da ƙafarsa. In ya tsinke a ciki, ba shi zai kwantar da kai ba, jikinka ne zai kwantar da kai." Ya yi tsaki, ya ce zancen mata.

Ran kasuwa ta tafi kai daddawarta. Yana ganin ta ɓace, ya naɗe tsutsar a yatsa ya ja. Ta biyo shi kamar taƙi guda, daɗi ya kama shi, ya ƙara ƙarfi. Sai ta tsinke. Guntun ya rage a hannunsa, sauran ta shige cikin nama kamar ƙadangare ya samu tsagar bango. Ya mayar da tsumman ya ɗaure, ya saɓa fartanya ya nufi gona yana ɗingishi, a ransa ya gama da ita.

Ka san jikin ɗan Adam yana da masu gadinsa a cikin jini. Tsutsar nan ta yi watanni tana kwance a ƙafarsa ba su ce mata uffan ba, domin a lulluɓe take cikin fatarta, ba su gane baƙuwa ba ce. Da ta tsinke, abin cikinta ya tsiyaye a nama, sai suka taso gaba ɗaya. Su kuwa ba su da fagen fama sai ƙafar mai ita. Kafin yayar ta dawo, ƙafa ta yi jawur, ta ɗau zafi. Kashegari ta zama turmi, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, zazzaɓi ya rufe shi yana karkarwa. Daga baya wurin ya tara ruwa, sai da wanzami ya tsaga.

Yayar ce dai ta koma wankin mugunya safe da yamma, ita ce ɗaukar sa zuwa bayan gida, ƙato kamar buhun gero. Tana matse tsumma tana cizon leɓe, don in ta buɗe baki ba ta san abin da zai fito ba. Maƙwabcinsu da kurkunu ya kama lokaci ɗaya da shi, wanda ya zauna aka yi ta murza masa tsinke, tuni ya koma gona yana maimai. Shi kuwa sai da aka fara yankan gero ya taka ƙasa, da sanda, idon sawun ya sandare. Gonar da ya yi wa gaggawa, ciyawa ta riga ta shanye ta.

Ran da ya dawo daga ganin gonar ya zauna a bakin rumbu. Yayar ta ajiye masa kwanon kunu, ta ce, "Sai ka jira ya huce, ko shi ma fizgar sa za ka yi?"

Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.