Mijin Mai Turare

Abin da ya fara tayar wa Mai Turare hankali shi ne mijinta ya daina ƙamshin komai.

Wata matar ba za ta lura ba, amma ita hancinta ne jarinta. A ɗakin baya na gidansu take haɗa turare, kwalabe jere har saman taga, kuma tun daga bakin ƙofa takan gane wadda ta shafa nata da wadda ta sayi jabu. Tun aurensu ba ya fita sai ta fesa masa da hannunta, har abokan aikinsa na tsokanarsa wai ƙamshi ke riga shi yin sallama. Yanzu kuwa sulalewa yake tana kicin. Ko ranar da ta tare shi ta fesa, da yamma haka zai dawo fes, kamar sabon kwano. Namijin da ya fita da ƙamshin gida ya dawo babu, ai a wani wuri aka wanke shi.

Ga kuma sauran. Ya koma kwana a falo, taga a buɗe, wai zafi. In ta matso sai ya kau da kai yana gyaran murya. Mutumin da a da sai ta roƙe shi ya bar ta ta huta don surutu, yanzu daga "to" sai "uhm". Takan hango shi daga sama ya tsaya a gindin matakala, ya dafa ƙarfen matakalar, ya daɗe, kamar mai shawarar ko ya hau ko ya juya. Wannan tsayuwar ta fi komai ci mata rai.

Ranar wanki ta ga farin gari a wuyan rigarsa. Ta nuna wa ƙanwarta.

"Hoda ce, Yaya," in ji ƙanwar. "Kuma ba taki ba ce."

Mai Turare ta dangwala ta ɗanɗana. Gishiri.

"To ko kuka take masa a kafaɗa," ƙanwar ta ce tana dariya. "Ke dai da makaminki a hannu, kin zauna kina kallo."

Kishi kumallon mata, ya kuwa motsa. Ta shiga ɗakin baya ta haɗa wani turare mai nauyin da ba ta taɓa sayar wa kowa irinsa ba. Ta fesa a matashinsa, ta fesa a labule, ta bi rigunansa ɗaya bayan ɗaya, har kujerar motarsa ba ta bari ba. Sakamakon bai wuce ya ɗauki farantinsa ya koma cin abinci a baranda ba. Ta yi kuka a banɗaki, sannan ta ƙara awon turaren.

Da abin ya ishe ta, ta ci kwalliya, ta yi wanka da sabon haɗin, ta tari tasi ta bi motarsa. Ba ofis ya nufa ba. Ya tsaya a gaban wani gini mai ƙofar gilashi, allo a sama na cewa ɗakin gishiri ne, don masu matsalar ƙirji da ta fata. Ta yi tsaki. Mijinta da ko ciwon kai ba ya faɗa, fatarsa sumul, me zai kawo shi nan in ba mutum ba?

Ta shiga ginin, ta leƙa ta wata ƙaramar taga a ciki. Bangon ɗakin duk tubalin gishiri ne, ƙasa shimfiɗe da gishiri fari tas, haske kaɗan, wata na'ura na busa garinsa cikin iska. Mutane na kishingiɗe a dogayen kujeru, har da wata dattijuwa da ta baje hannuwanta masu saɓa. Ga mijin nata can a kujerar ƙarshe, cikin wata farar riga da ba ta san shi da ita ba. Wata doguwar ma'aikaciya ta sunkuya tana gyara masa bargo, ta faɗi wani abu, shi kuma ya yi dariya. Doguwar dariya, tun daga ciki, irin wadda Mai Turare ta manta rabon da ta ji a gidanta.

A jikin ƙofar an rubuta cewa ba a shiga da turare. Wato har dokar hana ta shiga aka kafa. Ta banka ƙofar, gishiri na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminta, ta je ta tsaya a kansa.

"Sannu da hutawa, Baban yara."

Ya miƙe zumbur. Ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Idanunsa suka firfito, ya dafe ƙirji, wani siririn fito na fita daga maƙogwaronsa. Ta riƙe ƙugu tana jiran ƙaryar da zai ƙaga, a ranta tana cewa mara gaskiya ko cikin ruwa gumi yake.

Doguwar ma'aikaciyar ce ta ture ta gefe, ta cusa masa wani ɗan abin shaƙa a baki, ta yi kira a fita da shi. Sannan ta riƙo hannun Mai Turare ta ja ta har bakin titi. Ba ta ko tambayi wace ce ba.

"Ke ce matarsa, na gane ƙamshin," ta ce a hankali. "Shi yake wankewa a nan kafin mu bar shi ya shiga. Tun bara likita ya gaya masa turaren gidansa ne ke shaƙe masa ƙirji, kwanan nan kuma abin sai ƙaruwa yake, mun rasa dalili. Ya hana kowa ya faɗa miki, wai ya fi iya jure rashin numfashi a kan ya ga kin rufe kwalabenki saboda shi."