Laifin Kwamfuta

Mai gyara ya cire batiri, ya canja caja, ya danna maɓalli. Shiru.

"Mama, wannan kwamfutar ai ta girmi shagona."

"Ɗana ya bar mini ita da zai yi tafiya," in ji tsohuwar. "Ta nan yake kirana. Tunda ta daina kamawa bara, ban ƙara jin muryarsa ba. Yana can yana nemana."

Mai gyaran ya kwance bayan kwamfutar, ya hure ƙura, ya haɗa wata siririyar waya da ta tsinke. Fanka ta juya, haske ya kawo. Ya jona mata intanet, suka duba tare.

Babu kira, babu saƙo ko ɗaya.

Ta daɗe tana kallon hasken, sannan ta gyara mayafinta.

"Ɗan nan, sake tsinke wayar. Mayar mini da ita yadda na kawo ta."