Hannun Keken Baba

"Baba, yau kuma me ya faru?" in ji mai gyaran keke.

"Hannun nan ya sake sauka. Bayana ciwo, yatsuna ba sa kaiwa birki."

Mai gyara ya ɗaga hannun keken, ya matso da birkin kusa, ya ɗaure notin tamau. Baba na kan benci yana ta zuba labarin zamanin da yake tsere.

"Wannan karon in ya kwance, na bar sana'ar!"

Baba ya yi dariya, ya tura kekensa gida. Ya yi sallama, kamar kullum ba wanda ya amsa. Ya jingine keken, ya zaro sifana daga ƙarƙashin katifa, ya sassauta notin.

Jibi ma zai samu mai ce masa Baba.