Tabon Dutsen Guga

Malamar taron nan ce ta karya wa maƙwabciyata hannu. Mijin maƙwabciyar ne ya ɗaga ƙarfen, amma Malama ce ta miƙa masa.

Maƙwabciyar tawa mai ɗinki ce. Tare muke zuwa taron mata da wata ƙungiya ta turo Malama ta jagoranta a ajin makarantar unguwa, inda kowace ke faɗin rayuwarta a layi biyu ko uku. Mu da ba mu yi karatu ba sai mu faɗa, Malama ta rubuta. Alkawari ɗaya aka yi mana: abin da aka faɗa a ɗakin, a ɗakin zai mutu.

Rannan mai ɗinki ta zame mayafi daga wuyanta. "Malama, rubuta. Na ce wa duniya tukunya ce ta ƙona ni. Ƙarya ne. Dutsen guga ne, kuma a hannun maigidana yake."

Muna kuka, Malama tana tafi. Wai ya yi kyau. Kyau fa!

Ranar rufe taro aka tara mutanen unguwa da manyan baƙi. Malama ta ɗau lasifika ta karanta labarin mai ɗinki, wai ai ta cire suna. Wane suna? Mata nawa ne a layinmu masu tabon ƙuna a wuya? Kowa ya waiga. Ƙanwar mijin tana sahun gaba, ta tashi fuu ta fice.

Mijin direba ne. Da ya dawo daga tasha, ta katanga na jiyo shi: "Ni za ki kai kasuwa?" Ya kifar da keken ɗinkin, ya ɗauko ƙarfen kwance taya. Kafin mu ɓalle ƙofa hannunta na dama ya karye gida biyu, haƙoranta a ƙasa, jini ya jiƙa yadin mutane. Likita ya ce ita da almakashi har abada.

Na tarar da Malama. Ta ce, "Haba Baba, muryarta na so duniya ta ji."

Na ce, "Kin tambaye ta? 'Yar nan, da aka watse ke gidanki kika koma. Ita gidan wa ta koma?"

Jama'a, labarin mutum amana ne, kada ku fitar da shi sai mai shi ya ce. Cire suna ba ya cire tabo.

Mijin yana hannun 'yan sanda. Saura Malama da waɗanda suka turo ta. Su zo bakin gadon asibiti su gaya wa baiwar Allah nan da wane hannu za ta ciyar da 'ya'yanta.